Ja'afaru, Ka Tafi Ka Bar Babur a Warwatse

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da hantsin ranar Alhamis, tara ga watan Rajab 1446, wanda ya yi daidai da tara ga Janairu 2025, Allah ya karɓi ran ƙanena Ja'afaru a tsakar gidanmu na gado da ke unguwar Ƙurban, a nan Madina. Zuciyarsa ce ta tsaya. Matarsa Suhaila ta fito masa da shayi, ta same shi zaune a ƙasa ya jingina da bango, sifana a cinyarsa, hannuwansa duk baƙin mai, har ta ɗauka gyangyaɗi yake yi. An yi masa salla a Masallacin Annabi bayan La'asar, muka raka shi maƙabartar Baƙi'a. Ni ne Abdulmajid, yayansa, kuma mu biyu kaɗai iyayenmu suka haifa.

Ja'afaru, da Hausa zan yi maka magana. Da Larabci muke hulɗa da mutanen gari, amma faɗanmu da raharmu da Hausar Umma muka yi su, ba zan canja harshe yau ba. Mutane sun cika gida sun yabe ka, kuma duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Ni kuwa abin da ya cika mini ciki, bayan baƙin cikin rabuwa, kishi ne. Ba zan ɓoye shi don ana makoki ba, ka san ni.

Na girme ka nesa ba kusa ba. Ni ne mai ciwon gwiwa, ni ne mai ledar magunguna, ni ne kowa yake cewa ya rage gishiri. Kakanmu ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa ya yi shekara da shekaru a hanya, ba don komai ba sai don ƙasar garin nan ta rufe shi, kuma kowane ɗayanmu da wannan fata ya tashi. Sai ga shi kai, ƙarami, ka tsallake layi ka riga ni shiga Baƙi'a, inda Umma take, inda Baba yake. Da muka zuba maka ƙasa muka juyo, ina kuka ina ji a raina cewa har a wannan ma sai da ka riga ni.

Amma babban kishina a kan babur ɗin nan naka yake, wanda yaran unguwa ke kira dabbab ɗin Ammu Ja'afar, wato babur ɗin Baffa Ja'afar. Tsohon babur ne ja, ka saye shi tun farkon kama aikinka na lodin kayan alhazai a filin jirgi, ka ƙi rabuwa da shi ko da ka yi mota. Babu wanda bai hau bayan babur ɗin nan ba a Ƙurban. Ladaninmu ya hau, mai gyaran famfo ya hau. Na tuna wani tsoho daga Damagaram da motar ayarinsu ta tafi ta bar shi a unguwar Ƙiblatain, ba ya jin Larabci, bai san sunan masaukinsa ba, yana zaune a bakin titi yana share hawaye da gefen rawani. Ka ji yana salati da Hausa, ka tsaya, ka ɗora shi a baya, kuka yi ta zaga masaukai har ya gane ƙofar da wata bishiya da ke gabanta. Da ya sauka ya cire hularsa ya ce sai ka karɓa, kai kuma ka karɓa don kada ya ji kunya, tana nan rataye a ɗakinka. A watan azumi, lokacin da mota ba ta iya motsi kusa da Harami, kai ne kake ɗaure buhun burodi da kwalin yogot a baya ka kai wa masu shimfiɗar buɗa-baki kafin a kira salla. Matan da mazansu ke aiki nesa sun san in yaro ya yi zazzaɓi, kai za a aika kantin magani.

Duk wannan ina tsaye a ƙofar shagona na dabino ina kallo. Ni kaɗai ne a unguwar nan ban taɓa hawa bayanka ba.

Wanda bai san gidanmu ba zai ce rowa ce, ko gaba. Umma ce ta hana. Yayyenta biyu maza a mota ɗaya suka rasu a tsohuwar hanyar Makka tana budurwa, kuma ba ta taɓa warkewa daga wannan ba. Ranar da ka shigo da babur gida ta fito ta dube shi, ta dube mu, ta ce, "Ku biyu Allah ya ba ni. Ban yarda ku hau abin nan tare ba. In zai ɗauka, ya ɗauki ɗaya ya bar mini ɗaya." Mota ta haƙura da ita don dole, amma babur ko kusa. Muka ce to, kuma muka riƙe. Sau nawa ka wuce ni ina ɗingisawa zuwa Masallacin Ƙuba ranar Asabar, ka rage gudu ka ce, "Yaya, sannu da tattaki, ladanka ya fi nawa," ka ƙara wuta. Kuma sau da yawa akwai mutum a bayanka, mutumin kuwa Bakri ne.

Bakri maƙerin walda ne a Ƙiblatain, Bahaushen Sudan, sa'anka. Mutumin kirki ne, na faɗa kuma zan maimaita a gaban kowa. Bai taɓa yi mini komai ba sai ladabi, har Yaya yake kirana, abin da ya sa nake ƙara jin haushinsa, don ban tuna ranar da Umma ta haife shi ba. Shi ne yake riƙe rigarka a kan titi. Shi ne kake ba labarin da ba ka ba ni. In na shigo kuna dariya sai ku yi shiru ku gaishe ni, ni kuma in zauna kamar baƙon da ya zo ba a shirya masa ba.

Abin ya fi ci mini rai da sanyi. A garin nan ba a taɓa ƙarfe da rana a lokacin zafi, sai ya ƙone maka hannu, saboda haka kowace shekara sai sanyi ya shigo kake kwance babur ɗin gaba ɗaya a tsakar gida. Kana da tsarinka da ba ka yarda a taɓa. Za ka jera kwalayen dabino a gindin bango tun daga ƙofar zaure har bakin famfo, daga dama zuwa hagu kamar rubutun allo. Abin da ka fara cirewa shi ne a kwalin farko, na ƙarshe a kwalin ƙarshe, kowane noti kusa da abin da ya fito daga jikinsa. In za ka mayar, sai ka faro daga hagu ka dawo dama. Ba ka rubuta komai, ba ka ɗaukar hoto, jerin kwalayen nan shi ne ƙwaƙwalwarka. Ka wanke sarƙa da kananzir ka rataye ta, ka canja baƙin mai da fulogi, ka goge kafureta da tsohon buroshin haƙori, ka duba birki. Kowace shekara kuma sai ka ƙara masa wani sabon abu, bara fitila mai haske, bara waccan akwatin baya na ɗaukar burodi. Suhaila da 'ya'yanka Sundus da Wafa sun saba bin gefen bango ɗaya duk tsawon sanyi, ko kyanwa ba ta isa ta tsallaka layin nan ba.

Rabona a cikin wannan aiki duka shi ne kwalaye. Daga shagona kake aikowa a ɗauko su. In na zo na tsuguna na miƙa hannu zan ɗauki wani abu in duba, sai ka ce, "Yaya, bari, za ka ɓata mini lissafi, zauna ka sha shayi." Bakri kuwa yana durƙushe kusa da kai, kana miƙa hannu ba tare da ka duba ba yana sa maka abin da kake so. Allah ya sani, na sha komawa gida in kasa cin abinci.

Umma ta rasu a azumin da ya wuce. Da sanyin bana ya shigo ka kwance babur kamar kullum. Wata ranar Juma'a da yamma na shigo, ka turo mini tukunyar gas ka ce in zauna a kai. Na zauna. Ka ce in miƙe ƙafar hagu, mai ciwon, har inda ba ta yi mini zafi. Na miƙe. Ka durƙusa kana aunawa da taƙin hannunka daga gwiwata zuwa diddige, daga diddige zuwa ƙasa, kana motsa baki.

Na ce, "Kai kuma me kake aunawa a jikina?"

Ka ce, "Likkafaninka, Yaya. Kada a je a sayo ya gaza."

Na jefe ka da ƙwallon dabino, Bakri ya sunkuyar da kai yana dariya, na tashi na fita ina cewa an mai da ni abin wasa a gidan ubana. Ashe likkafaninka ni zan riƙe bakinsa a Baƙi'a kafin sanyin ya fita.

Yanzu ga abin da ya faru bayanka, don ka ji daga bakina. Ka san yadda muke zaman ta'aziyya a nan, kwana uku tsakanin Magariba da Isha'i, a jera kujeru sahu-sahu, a shimfiɗa darduma, dangi su tsaya a layi mutane su bi suna gaisuwa. Ina dawowa daga Baƙi'a na tarar masu hayar kujeru sun iso sun tsaya a ƙofa, babu wurin sawa, kwalayenka sun cinye rabin tsakar gida. Ni ne babba, ni ake kallo. Na sa aka kawo buhunan shinkafa da babu komai a ciki, na ce a juye kwalayen duka a ciki a kai bayan matakala, gangar jikin babur ɗin kuma a rufe ta da bargo. Aka juye. Na ji ƙarar ƙarafan suna haɗuwa, kuma a lokacin ban ji komai ba sai cewa na yi abin da ya kamata, baƙi za su sami wurin zama.

Bakri ya shigo daga baya, idanunsa jajur. Ya dubi gindin bangon ya ga kujeru. Ya zo kusa da ni a layin gaisuwa ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, kwalayen fa?"

"Na sa an kwashe. Suna cikin buhu, ba abin da ya ɓata."

"Kullu? Duka a buhu ɗaya?"

"Biyu."

Ya rungume ni ya ce Allah ya ƙara haƙuri, ya je can ƙarshen sahu ya zauna ya rufe fuska da rawaninsa. Sai a lokacin na gane abin da na watsa.

Da aka tashi daga makoki aka kwashe kujeru, sai ga gangar babur a ƙarƙashin bargo, ba taya, ba tanki, ba wurin zama. Suhaila tana takaba, duk fitowar da za ta yi tsakar gida sai ta gan shi. Ta aiko Sundus ta kira ni, ta yi mini magana ta bayan ƙofa. Ta ce, "Yaya, ba zan iya kallonsa haka ba. In zai tashi a tashe shi. In ba zai tashi ba, a kira masu sayen tsohon ƙarfe su fitar mini da shi kafin zafi ya dawo." Na dubi Sundus na tambaye ta da Hausa ko ita ma haka ta gani. Ta amsa da Larabci kamar yadda suka saba, ta ce a'a, ita dai tana so ta sake jin ƙararsa a ƙofar gida ko sau ɗaya ne.

Na zazzage buhun farko a kan tabarma na zauna ina kallo. Notuna manya da ƙanana, sifirin, wayoyi, ƙananan zobba na roba, duk sun cakuɗe. Na iya bambance dabinon ajwa da na safawi ido a rufe, amma a nan ban san gaba ba, ban san baya ba. Mutum ɗaya ne a duniya ya zauna kusa da kwalayen nan shekara da shekaru har ya san abin da ke bin wani. Na yi kwanaki ina kewaye-kewaye, har na tambayi wani bakanike a unguwa, ya leƙa buhu ya ce in sayar kawai. Daga ƙarshe na je Ƙiblatain na tsaya a ƙofar shagon Bakri.

Ya kashe wutar walda ya ɗaga gilashin fuskarsa. Kafin in buɗe baki ya ce, "Khalas, shi ke nan, Yaya, ina zuwa bayan La'asar. Ka kawo kwalaye."

Haka muka yi ta yi kullum bayan La'asar har a kira Magariba. Ya ba ni roba da kananzir da buroshin haƙorin nan naka, ya ce in wanke kowane ƙarfe in miƙo masa. Shi kuma ya juya shi a hannu, ya sa shi a kwalin da yake ganin nan ne gidansa. Ba kullum yake dacewa ba. Mun ɗaura tayar baya muka sake kwance ta saboda wani zobe da muka tsinta a ƙasan buhu. Mun yi musu a kan wani sifirin har na ce masa in ya fi ni sanin babur bai fi ni sanin ƙanena ba, ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, Yaya," ya ci gaba da aiki. Yana aiki yana ba ni labarinka. Wai kana yi wa babur ɗin magana in ya ƙi tashi. Wai kana tsoron allura. Wai ranar da aka yi mini aikin gwiwa ka kasa shiga asibitin, ka zauna a kan babur a waje har aka fito da ni. Ni da na yi shekaru ina riƙe da kai a zuci cewa ba ka zo ba. Kowane labari ya ba ni sai in ji daɗi, in kuma ji kamar in shaƙe shi, don me zai san wannan ni ban sani ba.

Da aiki ya kusa ƙarewa, sai wani ƙarfe ya rage a hannuna wanda bai yi kama da na babur ɗin ba. Matakin ƙafa ne na mai zama a baya, amma an ƙara masa wani dogon hannu, waldar sabuwa fil, ko fenti ba a yi mata ba. Na dama yana nan gajere yadda kamfani ya yi shi. Na ce wa Bakri wannan ba namu ba ne, wataƙila daga shagonsa ya biyo ka, a ajiye shi gefe.

Ya karɓa ya riƙe.

"Namu ne, Yaya. Ni na yi waldar. Na hagu ne."

"To me ya sa ya fi ɗan'uwansa tsawo?"

"Saboda gwiwarka ba ta lanƙwasuwa."

Ya tashi ya shiga bayan matakala ya jawo wata leda da ban taɓa lura da ita ba. Sabuwar kujerar babur ce mai faɗi, da ɗan abin jingina a baya, da hular kwano babba, irin ta mai babban kai kamar nawa. Ya ce wannan shi ne ƙarin bana. Ya ce ka gaya masa Umma ta hana ne don kada ta rasa mu tare tana raye, yanzu kuwa ko mun faɗi wurinta za mu. Ka ce Asabar ta farko bayan an gama, za ka tsaya a ƙofar shagona ka yi ta hon har in fito, ka kai ni Ƙuba. Ka sa shi ya rantse ba zai gaya mini ba.

Na zauna a ƙasa a daidai inda Suhaila ta same ka, na yi kukan da ban yi a Baƙi'a ba. Kuma ko a cikin kukan sai da na ce wa Bakri, "Har wannan ma kai ka riga ni sani." Ya ce, "Na riga ka sani, Yaya, amma ni bai taɓa auna ƙafata ba."

Jiya muka zuba mai muka ɗaura batir. Bakri ya yi bismilla ya buga, babur ya yi tari ya mutu. Ya sake bugawa, ya sake. Can sai ya kama, hayaƙi ya cika tsakar gida, Sundus da Wafa suka fito da gudu ba takalmi, na ji kukan Suhaila ta bayan ƙofa. Babur ba zai je wurin masu tsohon ƙarfe ba. Da aka kashe shi, Bakri ya kafe shi a kan ƙafarsa ya ce in hau in gwada. Na hau kujerar baya. Na miƙe ƙafar hagu, ta sauka a kan matakin nan daidai, ko ɗan zafi ban ji ba. Sai na miƙa hannu gaba don in riƙe rigar mai tuƙi, kamar yadda na ga kowa yana yi shekara da shekaru, hannuna ya tsaya a iska.

Bakri ya ce in na yarda, shi zai kai ni Ƙuba ranar Asabar. Na ce masa zan duba. Zan je, na sani, don ba zan bar aikinka na ƙarshe ya yi tsatsa a gindin bango ba. Amma bayansa ba bayanka ba ne, kuma na gaya masa haka, ya ce ya sani.

Allah ya jiƙanka, ƙanena. Allah ya yafe maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya yalwata maka makwanci, ya sa maƙwabtakar da ka samu a Baƙi'a ta zame maka ceto. Duk wanda ka ɗauka a bayanka ka rage masa hanya, Allah ya sa ya zame maka haske a ranar da kowa zai tafi da ƙafarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Suhaila, Allah ya ba ta juriya ya tsaya mata. Ga Sundus da Wafa, Allah ya raya su a kan tarbiyyar ubansu, kuma su sani ƙofata tasu ce. Ga abokan aikinka na filin jirgi da jama'ar Ƙurban da Ƙiblatain da suka cika mana gida, Allah ya ba da lada. Ga Bakri kuma, wanda ya yi rashin da bai gaza nawa ba, Allah ya ba shi haƙuri. Ya ci gaba da kirana Yaya, na daina jin haushi, ko da yake kishin bai gama fita ba.

Mu da muka rage, Allah ya kyautata namu ƙarshen, ya ba mu wuri kusa da ku. In Allah ya haɗa ka da Umma, ka gaya mata ta kwantar da hankalinta, maganarta ba ta faɗi ƙasa ba. Ɗaya aka ɗauka aka bar ɗaya, kuma har ka koma ga Ubangijinka ba mu taɓa hawa tare ba.